Kwalbar Sahura

Hawa na uku muke a Hindawiyya,
matakala arba'in da biyu, na ƙirga,
kowace ɗaya gwiwata ta san sunanta.
A ta ashirin nake tsayawa
in yi kamar ina gyara mayafi.

Sahura ce ta kawo maganar.
Ta zuge jaka a tsakar ɗakina,
ta fito da kwalba koriya shar,
ta ce, "Barira, ƙwaya ɗaya kafin abinci,
kitse zai narke kamar man shanu a kasko."
Riyal ɗari da tamanin.
Tuwon mutum goma sha takwas ke nan,
ni da na san nauyin muciya.

Na biya.
Na ɓoye ta bayan gwangwanin daddawa,
kada 'yata Zulai ta gani ta yi dariya.

Da asuba in haɗiye ɗaya da bisimilla,
in aika yaro ya karɓo tamis mai zafi,
ful da man zaitun yana kwance a kai.
Da rana ga kabsar maƙwabta ta shigo,
wa ke mayar da kwanon maƙwabci?
Na ce ai ƙwaya na ciki tana aiki,
kamar ɗan ƙwadago da na riga na sallama.

Dare ya yi, barci ya ƙi.
Ƙirjina na dakan luguden da ban sa shi ba,
na'urar sanyi na gurnani,
ni ina gumi ina ƙirga fitilun Jidda ta taga.

Wata guda cif na hau sikelin kantin magani.
Allurar ta yi rawa, ta yi rawa,
ta koma inda na bar ta,
har da ɗan ƙari, kamar gyaran mai awo.
Jakar kuɗina ce kaɗai ta rame.

Mai kantin, dattijo ɗan Sudan,
ya juya kwalbar, ya sauke tabarau.
Ya ce, "Hajiya, likita ya gani?"
Na sunkuyar da kai.
Ya ce, "Ko ta kirki ce, sanda ce kawai.
Sanda kuwa ba ta tafiya sai da mai ita.
Wannan bar ta a nan, je ki a auna jininki."

Na fito ina jin haushinsa,
haushin mai gaskiya, wanda ya fi daɗewa.

Yanzu bayan isha'i Zulai ke jana bakin teku.
Iskar gishiri na kaɗa abayata,
yara na wuce mu a kan keke,
mai gasa masara na kallona, ina kallon ruwa.
Tuwona ya koma rabin malmala,
shayina cokali ɗaya, yana ɗaci kamar bashi.
Likita ta rubuta mini wasu 'yan ƙwayoyi,
ta ce na ƙashi ne, ba ta yi alkawarin komai ba.

Jiya Sahura ta dawo da sabuwar kwalba, ja,
wai wannan ta fi waccan.
Na zuba mata shayi, na tambayi yaranta.

Da ta tafi na sauka sayen albasa.
A dawowa sai da na kai ta talatin da ɗaya
kafin mayafina ya buƙaci gyara.