Gungume na Goma Sha Uku

A Santa Rufina, can cikin kurmin Petén,
ni ce mai riƙe da littafi.
Maza suna da zarto, ni ina da biro,
da gwangwanin jan fenti,
da hatimi ɗaya a aljihun riga.

Bishiya ba ta faɗuwa sai an ba ta lamba.
Mu zagaya gindinta da igiyar awo,
in kaurinta bai kai ba, mu ce: ƙara shekaru, yarinya.
In ita kaɗai ke zubar da iri a kwarin,
mu ɗaura mata shuɗin ƙyalle, mu wuce.
Wadda za ta tafi kuwa, sau biyu nake rubuta ta:
a jikin gungume, da a kan kututture,
don ko an raba ɗa da uwa
a san gidan da ya fito.

Lambar nan ita ce matafiyiya.
Ta hau mota, ta sauka a injin katako,
ta rabu gida arba'in,
ta shiga kwantena a bakin ruwa,
ta haye tekun da ban taɓa gani ba.
An ce a can wata mata za ta shafa ƙofa,
ta duba ɗan tambari a kusurwa,
ta yarda da ni, ba ta ko san sunana ba.

Ranar Laraba, ruwa ya kwana yana zuba,
motar Remigio Ical ta fito daga taɓo.
Takarda ta ce goma sha biyu.
Na ƙirga da ido, na ƙirga da yatsa,
na taka taya na sake ƙirgawa.
Goma sha uku.

Na ƙarshen ja ne wur kamar hanta,
ya fi sauran kyau.
Fentinsa bai gama bushewa ba,
kuma rubutun ba nawa ba ne:
ni nakan yi wa bakwai ɗamara.

Remigio ne ya saɓa ni a kafaɗa
ranar da aka binne mahaifina.
Ya cire hula. Ya ce, Casilda,
matata tana kwance a asibiti,
kuma likita ba ya karɓar ganye.
Ɗaya ne tak cikin dubu. Wa zai sani?

Na ce, Kawu, kai ni gun kututturensa.
Sai ya kalli takalminsa.

Wake ɗaya ke ɓata gari.
In mai bincike ya zo da rani,
ya zaɓi lambar da ya ga dama,
ya bi sawunta da baya, daga jirgi har kurmi,
ya tarar da ɗa babu uwa,
ba Remigio kaɗai zai amsa ba.
Gida saba'in ke ci da wannan hatimi,
har da kwanon rufin makaranta.

Ban buga ba.
Muka mirgine shi da sarƙa a bakin hanya,
ƙasa ta amsa da nishi.
Da dare na bi gida-gida da tsohon gwangwanin fenti.
Abin da aka jefa bai kai rabin kuɗin magani ba.
Ya karɓa, bai ɗago kai ba,
kuma tun ranar, in mun haɗu a kasuwa,
sai ya shiga taya tumatir.

Bayan wata biyu na sami kututturen,
a kwarin da aku suke kwana.
Shuɗin ƙyallen yana nan cikin laka,
ƙullin ma na hannuna ne.
Rana tana zubowa ta ramin da ta bari a sama.
Na durƙusa na ƙirga tsiro huɗu,
babu wanda ya kai gwiwata.
Na buɗe littafin, na juya shi shafi-shafi,
ban ga gurbin da ake rubuta irin wannan ba.