Yatsu Biyu

Kakata Velta ta bar mini gida a bayan Sigulda:
rijiya, tuffa mai rassa uku,
da wata saiwar fiyoni a gindin shinge
wadda ta girme uwata da shekara shida.

A watan Satumba na tono ta.
Ga ta kamar tarin karas da ya murɗe,
baƙa, mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba,
da 'yan idanu jajaye a wuyanta
suna kallona, ba ƙiftawa.

Na raba ta huɗu da wuƙar burodi.
Ɗaya ga Dzidra mai sayar da zuma,
ɗaya ga malamin da ya koya mini lissafi,
ɗaya ta hau jirgin ƙasa zuwa Riga, naɗe a jaridar jiya.
Ta huɗun tawa ce.

Na haƙa mata rami har gwiwar hannu.
Sanyin ƙasarmu ba ya wasa,
yana fasa tulu, yana tsaga dutse.
Na ce bari in ɓoye ta inda ba zai kai ba.
Na rufe, na danna da dugadugi,
na shiga ciki na sa sakata.

Dusar ƙanƙara ta zo ta yi wata biyar.
Da ta narke, tsiro ya leƙo, ja kamar naman ƙasan farce,
ya miƙe, ya buɗe ganye har ƙugu.
Fure, ko ɗaya.

Shekara ta zagayo: ganye.
Ta sake zagayowa: ganye,
alhali ta Dzidra ta cika ƙofa,
masu sayen zuma na mance canjinsu.
Na ba tawa toka, na ba ta kashin doki,
ruwan rijiya, ruwan sama,
na lallashe ta, wata rana ma na zage ta.

Sai tsoho Gunars ya jingina da shinge,
haƙori biyu a bakinsa, hula a karkace.
Ya cusa sanda a gindinta, sanda ta yi ta nutsewa.
Ya ce, "Yarinya, shuka kika yi ko binnewa?"

Na yi shiru.

"Ba gawa ba ce," in ji shi.
"Yatsu biyu na ƙasa a kan idanun, haka Velta ke yi.
So take ɗari ya cije ta.
In ba ta ji shi ba, ina za ta san an sake shekara?"

Da kaka ta yi na sake tono ta.
Idanun sun yi fari, sun yi dogon wuya
na wanda ya gaji da leƙen hanya.
Na ɗaga ta sama, na auna:
manuni da na tsakiya.
Ƙasar da na yayyafa ba ta cika tafi biyu ba.
Daren da ƙanƙara ta fara kamawa
ban yi barci ba.

Ta sake hana ni shekara guda. Ban ce komai ba,
bashi ne, na san na ci.

Bana, a watan Yuni,
lokacin da dare ke kasa gama duhu,
ƙulli bakwai suka fito, masu danƙo,
kiyashi na hawa da sauka a kansu.
Na ɗauko ruwa zan kore su,
Gunars ya ce, "Bar su, zaƙi suke lasa, ba sa ɓarna."

Ran Talata na farko ya buɗe.
Fari, da ɗigon ja can ciki,
ya fi dunƙulen hannuna,
ƙamshinsa ya riga ni shiga ɗaki.
Da yamma hadari ya taso daga wajen Gauja,
ruwa ya cika su, suka kifa fuska a laka.

Na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun jana'iza,
na ciro tsohuwar safarta, na yaga siri-siri,
na kafa sanda, na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya,
sako-sako,
yadda yatsu biyu za su wuce.