Biyu da Ɗaya

Daren jiya a Dundaye wuta ta ɗauke,
ya rage daga ni sai hoton furotin a fuskar kwamfuta.
Kulu ta ce mu tafi, na ce dakata,
ƙofar nan ba ta gama ba ni labari ba.

Tagwaye ne, kafaɗa da kafaɗa a bangon bakteriya,
kowa da zaurensa, ba mai leƙa na ɗan'uwa.
Zauren ya tsuke a tsaka kamar ƙugun kalangu,
nan gulutamet yake tsaye,
shi ne ƙyaure, shi ne dillali.

Kuloraid biyu su wuce, furoton ɗaya ya gitta.
Ba bashi, ba gyara.
Ya karɓi ɗaya, ya kauce,
ya sake shi, ya dawo ya toshe.

Sai na tuna Baba Sidi a kasuwar Illela:
tiya biyu ta gishiri, ɗaya ta tsamiya,
shekara talatin awonsa bai karkace ba.
Ranar da na ce masa ina karatun abin da ido ba ya gani,
ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Baba, ashe sana'arka nake bi.
Da wannan cinikin ƙwayar ke ratsa tsamin tumbi
ta fita da ranta.

Batir ya mutu.
Kulu ta haska mini hanya da waya,
ina tafe ina ƙirga taku:
biyu, ɗaya, biyu.