Ranar Ƙarewa Ɗaya

Wasiƙar ta iso Oulu da ƙarfe uku na rana,
duhu ya riga ya sauka kan kogi.
Shafi goma sha ɗaya daga Alexandria,
da sa hannun wata mai tantancewa, Petrosyan,
wadda ban taɓa jin muryarta ba.

Na zaci za ta ce wani ya riga ni.
Na shirya wa mutanen Shenzhen,
na shirya wa na San Jose,
tun bazara nake wasa wuƙa.
Sai ta ce: wanda ya riga ka, kai ne.
Da'awarka ta ɗaya har ta tara
ba su yi nisa da wata takardar mallaka ba
mai sunanka a kai, ta shekara bakwai baya.
Ba a biyan mutum sau biyu kan aiki ɗaya.

Sunana a kai, haka ne.
Ƙarƙashin na Sirkka.

A hawa na huɗu muka yi waccan,
ɗakin da bututun ɗumama ke tari duk dare.
Tambayar ƙarama ce:
in layi ya cika a cikin na'ura,
ƙunshin bayanai na turereniya a ƙofa ɗaya,
wa zai wuce, wa za a zubar?
Sirkka ta ce, kada ka jira ya cika.
Yar da kaɗan tun da sauran wuri,
masu aikowa za su ji a jikinsu, su sassauta.
A bayan rasidin kantin kofi ta zana shi,
biron yana ƙin kamawa.

Tawa ta yanzu ba ta zubarwa.
Alama take sawa, layi takwas take kallo,
tana barin muryar mai kiran asibiti
ta tsallake bidiyon kyanwa.
Shekara huɗu na ba ta.
Petrosyan ta rubuta cewa duk ɗan sana'a
da ya karanta ta farko
zai iso nan da ƙafarsa.

Da ƙafarsa!
Na tashi na wanke kofin da ba datti.

Lauyan kamfani, Whitcomb, ya kira daga mota.
Wannan ai ba ciwo ba ne, Aarne, in ji shi,
akwai fom, shafi ɗaya.
Mu yarda sabuwar ta ƙare ranar da tsohuwar za ta ƙare,
mu yarda ba za a raba su ba,
mai wannan shi ne mai waccan har ƙarshe.
Shekara bakwai za ka rasa daga wutsiya,
kafin nan wa ke amfani da ita?
Ba ma kai za ka sa hannu ba.

Na ce zan yi tunani.
Ya yi dariya, fitilar hanya ta ba shi hannu.

Sai na koma kan shafukan, a hankali wannan karon,
ba don neman kuskurenta ba.
Luukkonen da wani, in ji shafi na uku.
Luukkonen ta nuna. Luukkonen ta koyar.
Duba Luukkonen, sakin layi na arba'in.
Sau ashirin da uku, na ƙirga.
Tun da muka dawo daga maƙabarta
ƙanƙara na kuka ƙarƙashin takalmanmu,
ba wanda ya kira sunanta haka,
kamar tana ɗaki na gaba tana aiki.

Ni ne wanin.

A kusurwa na'urar gwaji na ƙyafta koren ido,
tana zaɓar abin da zai wuce.
Na rubuta wa Whitcomb: to, a ɗaura su.
Na duba kalanda, sha huɗu ga Maris,
shekara goma sha uku nan gaba.
Laraba ce.
Na nemi safar hannu, guda ɗaya na samu,
na sauka na kwance kekena daga ƙarfen da ya daskare.