Hatimi da Cibiya

Shekara ashirin da biyu
ina bayan taga guda a ofishin magajin gari,
fanka na kewaya sama kamar mai neman abin da ta yar.
Sunan yaro. Sunan uba. Unguwa.
Birni, Zango, Garin Malam, Kara-Kara.
In hura wa hatimi, in danna,
in ce, "Na gaba."

Rabin Damagaram ta ratsa ƙarƙashin hannuna,
ban san ɗumin ko ɗaya ba.

Wata Talata bayan azahar
wani mai fasa dutse ya zo, garin tsakuwa a girarsa,
ya miƙo takarda biyu.
Ɗaya ta haihuwa: mace, kilo uku.
Ɗaya ta rasuwa: mace, shekara ashirin da shida.
Rana guda, awa biyu tsakani.
Ya ce, "Jini ne.
Unguwarzoma ɗaya, su huɗu ke naƙuda."
Na buga duka biyun da tawada guda.
Hannuna bai yi rawa ba.
Abin da ya firgita ni ke nan.

Da dare na gaya wa Mutari.
Ya mayar da lomarsa cikin kwano.
"Furera, saura shekara nawa ki ci fansho?"
Yayata ta aiko daga Mirriya:
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce a gaya mata
busasshe ne ke kama wuta.

Na kai awarwaro biyu kasuwar Dole,
na haɗa da ragon da nake kiwo don layya.
Na sayo farar riga,
da tabarau, don ƙananan baƙaƙe sun soma guduna.

A aji ni ce mai furfura, can layin baya.
Sunayen ƙasusuwa na zuwa mini
kamar ruwan famfon unguwarmu:
ƙarfe uku na dare, in ya ga dama,
kafin ki jawo bokiti ya ɗauke.
Na faɗi jarrabawar farko.
Na yi kuka a bayan kabu-kabu
har yaron ya rage gudu, ya yi mini gaisuwar rashi.

Shamsiya ta gefena ta ce, "Inna, kawo littafin."
Ranar cike takardu na hango ta haihuwarta.
Sa hannuna ne a ƙasa, a karkace,
na ranar da nake sauri in tashi.
Yau ita ke kama yatsana
tana ɗora shi inda jijiya ke bugawa.

Kada in yi ƙarya: gwiwoyina na ciwo.
Albashin da na bari yakan zo mini a mafarki
ran ashirin da takwas ga wata.

Amma daren jiya wuta ta ɗauke,
Shamsiya ta ɗaga fitilar wayarta,
matar ta damƙe wuyan hannuna har ya kumbura,
na ce, "Yunƙura, 'yar uwa, ga gashi nan, na gani."
Sai ga shi,
da santsi, da nauyi, da fushi,
da ɗumi kamar tuwon da aka kwashe yanzu.
Na ɗaure cibiya, na yanke.
Na tsaya kan uwar ina duban zane
har jinin ya tsaya.
Sai a lokacin hannuna ya kama rawa.

Da asuba na rubuta 'yar takarda:
namiji, kilo uku da rabi, uwa lafiya.
Uban zai kai ta waccan taga,
inda wani saurayi ke hura wa hatimina.

A bakin ƙofa, gefen manyan duwatsun nan,
Mutari na zaune kan babur da kunu a kwano.
Bai ce komi ba.
Ya dubi jan ɗigon da ke kan takalmina,
ya matsa gaba, ya ba ni wuri.