Harafi Ɗaya a Allon Shago

Tsalha mai fenti ya gama allona da la'asar,
shuɗi a kan fari, a bakin kasuwar Wunti:
STATIONARY.
Na biya shi, har da na ruwan sanyi.

Hansatu ta dawo daga makaranta,
ta ɗaga kai, ta kama baki.
"Baba, harafi ɗaya ya ci amanarka.
Mai 'e' ita ce takarda da biro da tawada.
Mai 'a' kuwa abin da ya tsaya cak ne,
kamar motar Kawu Bappa
da ta shekara a kan duwatsu."

Na ce, ai kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara.
Ta ce, "Kakarsu ma ɗaya,
kalmar Latin ce, tsayuwa take nufi.
Can da, 'yan kasuwar Turawa yawo suke.
Mai littafin da ya samu rumfa ya zauna,
sai sunan tsayuwarsa ya bi kayansa."

Na yi shiru.
Shekara goma sha tara ina tura baro
daga Yelwa zuwa Bakaro,
littattafai cikin leda, ruwa na dukan ƙeyata,
masu haraji na kora ta daga inuwa zuwa inuwa.

Da safe Tsalha ya zo da buroshi da kunya,
wai gyara kyauta ne.
Na ce jingine tsaninka, ga shayi.
Bar shi haka zuwa wata Juma'ar,
masu wucewa su karanta:
mutumin nan ya tsaya.