Ƙofa Ta Ɗari Huɗu Da Tara

Aikina buɗe ƙofofi.
A hawa na shida, birnin Fukuoka, bakin kogin Naka,
ina gaban allo tun hantsi har fitilun titi su kama,
ina kora wata 'yar masunta cikin garin da babu shi a taswira,
in sa ta bangaji bango, ta hau rufi, ta faɗa rijiya da gangan,
don in ga inda duniyar za ta yage.

Shekara huɗu muna ginin garin nan.
Na san kwalekwalen da ke tashi sama in an yi ruwa,
na san tsohon da kansa ke juyawa baya in ka gaishe shi sau biyu,
na san ƙofa ta ɗari huɗu da tara:
kana buɗe ta daɓe ya ɓace,
yarinyar ta yi ta faɗuwa cikin fari, ba ƙasa, ba ƙara.
Sau saba'in na kai rahoto.
Sau saba'in aka ce, Chizuru, in wasan ya fito a gyara.

Sai wata Laraba, ƙarfe uku,
kamfanin da ke tsallaken kogi,
wanda muke hango fitilunsa kamar yadda yake hango namu,
ya saki talla: minti biyu da rabi,
teku, jirage, wata mace da mashi,
a ƙarshe kwanan wata.
Sha huɗu ga Nuwamba. Ranarmu.

Ɗaki ya yi tsit, injin shayi kaɗai ke tari.
Shugaba Kuramoto ya cire tabarau yana goge dattin da babu.
Aljihun mai saye ɗaya ne, in ji shi,
daren Asabar ɗinsa ma ɗaya.
Zakara biyu kan danga guda, dole wani ya yi carar banza.

Washegari aka fitar da sanarwa mai launin toka:
mun ɗage sai bazara, don mu ba ku abin da ya dace da ku.
Na karanta, na yi dariya har na ƙware.
Ƙofar da aka raina shekara guda
yau ita ce hujja gaban masu hannun jari.
Ba ƙarya aka yi ba.
Gaskiya aka aro ta yi wa wata gaskiyar mayafi.

Masu jira suka zage mu da harsuna tara.
Wani ya rubuto: na ɗauki hutun mako, wa zai mayar mini?
Uwata ta bugo daga Saga,
to, bana za ki zo bikin sabuwar shekara?
Na ce sai bazara. Ta ce bara ma haka kika ce.

Da dare, a rumfar mai taliya da ke bakin ruwa,
na tarar da Noboru.
Benci ɗaya muka koyi aiki, yanzu ƙofofin tsallake yake buɗewa.
Dukanmu mun sa hannu ba za mu yi zancen aiki ba,
sai muka yi zancen tsadar haya, muka yi zancen gwiwarsa.
Ya kurɓi romo, idonsa ja kamar gauta.
An ce kun ji tsoronmu, in ji shi.
Na ce, an ce kun shirya.
Ya tsoma tsinke a romo, ya zana jirgi kan katako,
ya sa babban yatsa ya shafe tekun da ke ƙarƙashinsa.
Mun so ku dage, Chizuru, sai kuka ɗage.
Da kun tsaya kan ranarku, da mu muka samu hanyar gudu.
Yanzu ƙarƙashin tebur zan kwana har Nuwamba.

Ni na biya kuɗin taliyar.
Ya haye gada, na ga taga ɗaya ta ƙara haske a can.

Da safe na kai yarinyar bakin ƙofar.
Na buɗe. Ta faɗa.
Na bar ta tana faɗuwa, na tashi haɗa shayi.
Muna da lokaci har bazara.